Yadda Sunan Ishaya Ya Dawo Gidanmu

Ishaya, ɗan wana, domin kai nake rubuta wannan babi, ko da yake a yanzu ba ka gama koyon riƙe cokali ba, balle karatu. Wata rana za ka tambayi yadda aka yi ka sami sunanka, kuma na san amsoshi dabam-dabam za a ba ka, domin tun yanzu labarin ya soma rabuwa a bakin mutane. Wasu a cocinmu suna cewa mafarki Kaka ta yi. Wata gwaggonmu da ke Gidan Waya kuwa tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa ni na shirya abin, wai na zaɓo shirin talabijin da zai karya zuciyar tsohuwa. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma abin da ban gani da idona ba zan ambaci wanda ya gaya mini. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba. Kaka, wato kakarmu ni da mahaifinka Yakubu, takan haɗa Hausa da yarenmu a cikin magana ɗaya. Na mai da duka Hausa, na kuma yi iyakar ƙoƙarina kada in ƙara mata ko in rage.

Ishaya na farko ɗan Kaka ne, ƙanen Babanmu. Manomin citta ne, bai yi aure ba, kuma waɗanda suka san shi sun ce ba ya wuce mutum sai ya tsokane shi. Wata safiya gab da faɗuwar damina ya fita daga gidanmu da ke Kafanchan, bai dawo ba. Ina goye a bayan mahaifiyata a lokacin, saboda haka ban san fuskarsa ba sai a hoto. Baba ya bi ofisoshin 'yan sanda da asibitoci, an yi sanarwa a majami'u, an tambayi direbobi, ba a sami ko takalminsa ba. Abin da gida ya riƙe kawai shi ne ya tafi Manchok ganin wani mai sayen citta, mutumin kuma ya ce bai iso wurinsa ba. Daga nan Kaka ta daina kiran sunansa. In ta so ambatonsa sai ta ce "mai tafiya". Fiye da shekara ashirin tana shuka irin cittar da ya bari a wani ɗan fili da ke bayan gidanmu, ta tone, ta ware iri, ta sake shukawa, ba ta taɓa yarda an haɗa shi da na kowa ba.

Akwai al'adar da dole ka sani, in ba haka ba sauran labarin ba zai yi maka ma'ana ba. A gidanmu, babba a cikin dangi shi ke sa wa ɗa namiji suna, kuma ba a ba jariri sunan ɗan'uwa sai wanda ya riga ya rasu. Muna kiran abin mai da suna gida. Ban ce haka ake yi a kowane gida na yarenmu ba, na tambaya na ji wasu ba su damu da shi ba, amma a namu ba a taɓa karya shi ba. Da aka haife ka, mahaifinka ya so a sa maka Ishaya, domin ya taɓa iske Baba shi kaɗai a ɗaki yana duban hoton ƙanensa, abin kuma bai bar ransa ba. Baba ma yana so, amma ya kasa buɗe baki. Roƙon Kaka ta ba da wannan suna daidai yake da roƙonta ta tsaya gaban jama'a ta ce ɗanta ya mutu. Ranar miƙa ka a coci tana matsowa, kowa yana kiranka Baƙo, kowa kuma yana kauce wa maganar.

A shekarar na gama jami'a ina zaman jiran kiran bautar ƙasa, kuma aikin da ya fi kowane muhimmanci a hannuna shi ne tafinta. Maƙwabciyarmu Maman Obinna, wadda iyayenta suka zo aikin jirgin ƙasa daga kudu aka haife ta a nan, tana da babbar talabijin a falon da ke bayan shagonta, da ɗan janareta mai tari. Kowace Lahadi bayan an taso daga sujada an ci abinci, ana nuna wani shiri na ƙasar waje a kan laifuffukan da suka faru da gaske, da yadda masu bincike suka gano mai laifi. Mutum uku ne ba sa fashi: ita Maman Obinna, da Kaka, da Baba Dogo, tsohon malamin firamare wanda shi ne babban abokin Ishaya na farko. Kaka ba ta jin Turanci, saboda haka nakan zauna a ƙaramar kujera kusa da gwiwarta in riƙa fassara mata.

Kowanne yana da wanda yake zargi tun kafin a fara. Kaka miji take kamawa, ko da an nuna yana wata ƙasa ranar da abin ya faru. Maman Obinna abokin kasuwanci take tuhuma. Baba Dogo kuwa duk wanda ya fi kowa kuka a gaban kyamara shi ne nasa. Ni kuma laifina a wurinsu shi ne ba na yarda in ce an yi abin da aka ce ana zargin an yi.

"Mai digiri, wa ya kashe ta?" Kaka takan tambaye ni.

"Kaka, ba su faɗa ba tukuna. Cewa suka yi akwai alamun da ke nuna mai yiwuwa..."

"Alamun me? Ki dubi idon mijin nan. Ko kare ba zan ba shi ajiya ba."

"Mama, mijin nan malamin coci ne fa," in ji Maman Obinna.

"To, shi ke nan, ya tabbata."

Baba Dogo yakan yi dariya har gyaɗar da ke hannunsa ta zube. In shirin ya ƙare aka ga Kaka ta canka daidai, sai ta miƙe ta gyara zaninta ta ce Turawa sun ɓata wata da watanni a kan abin da ita ta gano kafin kununta ya huce. In ta kuskure kuwa, sai ta ce ni ce ban fassara da kyau ba.

Lahadin da ta biyo bayan haihuwarka, mun zauna kamar kullum, sai dai Baba ma ya shigo, ya ce kukan Baƙo ya hana shi barcin rana. Ba wanda ya san abin da za a nuna, domin ba mu da hanyar sani sai an fara. Labarin wani saurayi ne da ya fita daga gidan uwarsa da safe bai koma ba. Tun daga nan ba wanda ya zargi kowa. Na riƙa fassara ina sa ran za a gano shi kamar yadda aka saba, amma lokaci yana tafiya ba a sami komai ba. Can kusa da ƙarshe aka nuna uwar, tsohuwa mai farin gashi, tana magana a hankali. Na ji abin da ta ce, na tsaya da fassara.

"Me ta ce?" Kaka ta tambaya.

Baba ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Na gane nufinsa. Ina iya cewa matar tana godiya ga masu bincike, Kaka ba za ta taɓa sani ba. Amma tun da na fara zama a kujerar nan ban taɓa sa wa wani magana a baki ba, kuma na ga in na yi haka yau, duk abin da na taɓa fassara mata ya zama abin shakka.

"Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba rashin sani ba ne. Ta ce mutane sun daina kiran sunansa a gabanta don kada su ɓata mata rai, har ya zama kamar ba ta taɓa haihuwarsa ba."

Kaka ta daɗe tana duban talabijin ɗin. Aka rubuta a ƙarshe cewa har yau ba a san inda saurayin yake ba, na fassara wannan ma. Sai ta ce wa Maman Obinna ta kashe janareta. Da ƙarar ta ɗauke, muka ji kajin bayan shago.

"Mun gano wa Turawa nasu da yawa," in ji Kaka. "Yau mu yi namu. Mai digiri, yaya suke farawa?"

"Sukan fara da tambayar wanda ya gan shi a ƙarshe, Kaka."

"To. Dogo, kai ne abokinsa. Faɗi."

Baba Dogo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce sun haɗu da safe a tashar motocin Manchok, sun sha kunu a wurin wata mata, Ishaya yana tsokanarsa cewa alli ya fara cin gashin kansa. Wannan duk mun sani. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne bai ga ya shiga mota ba. Ƙararrawar makaranta ta kusa, ya bar shi tsaye a bakin motar yana jiran ta cika.

"Me ya sa ka ce mana ya shiga?" Baba ya tambaya.

"Ban ce ya shiga ba. Na ce na bar shi a tasha. Ku kuka ce ya shiga, ni kuma na ga Mama ta sami wurin da za ta riƙa duba, sai na kasa ƙwace mata shi."

Kaka ta gyaɗa kai, ba ta nuna fushi ba. Ta juya ga Maman Obinna, wadda tun ɗazu take murɗa bakin gyalenta.

"Ke fa? Tun ranar da abin ya faru, in na yi maganar mai tafiya sai ki tashi ki ce kin ji mai saye a shago. Ko da shagon a rufe yake."

Maman Obinna ta fashe da kuka. Da ta samu ta yi magana, ta ce ta gan shi a ranar da la'asar, ba a hanyar Manchok ba, a tashar jirgi, lokacin da ta kai wa mahaifinta abinci. Yana tsaye can nesa da jaka a kafaɗa, kusa da jirgin da zai yi kudu. Ta kira shi, bai juyo ba.

"Mama, yaya zan zo gidanki in ce ɗanki da ƙafarsa ya tafi ya bar ki? Ni ba 'yar gida ba ce. Na ce in na faɗa, za a ce mutanen jirgi sun san wani abu. Kuma na ce gara ki yi kukan an ɗauke miki shi, da ki yi kukan ya guje ki."

"Kin tabbata shi ne?" Baba ya tambaya.

"Shuɗiyar rigar nan tasa mai aljihu biyu, wa bai san ta ba a unguwar nan? Ko a cikin mutum dubu zan gane ta."

"Riga ruwan ƙasa ya sa ranar," in ji Baba Dogo.

"Shuɗiya."

"Da shi na sha kunu, Maman Obinna."

"Kai da ko kalar motar fasto ba ka sani ba, Malam."

Kaka ta bar su suna musu, ta ce in kama hannunta. Muka tsallaka zuwa gida, ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta ɗaga zannuwan zumuntar mata, ta zaro wani ƙulli daga ƙasa. Da muka koma falon ta warware shi a kan tebur. Shuɗiyar riga ce mai aljihu biyu, ta koɗe a wurin ninki.

"Ni na wanke ta da safen ranar," ta ce. "A kan igiya ya bar ta, ba ta bushe ba."

Maman Obinna ta dubi rigar, ta dafe kai da hannu biyu. Na kasa gane kuka take yi ko dariya, ina jin duka biyun ne.

"Wato duk shekarun nan wani mutum can nake ɓoye miki?"

"Wani bawan Allah da ke tafiyarsa kudu," in ji Baba Dogo. "Shi ya sa bai juyo ba."

Har Baba sai da ya yi dariya, yana share ido. A nan dole in faɗi abin da na faɗa a lokacin, ko da yake ba wanda ya gode mini: mutum yana iya mance kalar riga ya riƙe fuska daidai, kuma ba abin da ya hana a ce yana da shuɗiyar riga fiye da ɗaya. Rigar ba ta tabbatar da cewa ba shi Maman Obinna ta gani ba. Ta dai rage ƙarfin shaidarta. Kaka ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wa sauran, "Kun ji ta ko? Ko a ranar tashin matattu sai ta ce mai yiwuwa."

Sai Baba ya yi abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce, "Mama, ke fa? Me ya ce miki?"

Kaka ta shafa rigar. Ta ce ya tsaya a ƙofar kicin tana hura wuta, ya ce ta kula masa da irin citta kada kaji su tona, zai dawo kafin ruwan farko ya shuka. Ta ce masa ya tafi ya daina damunta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Shi ke nan shaidata," ta ce. "Wuta nake dubawa."

Ba mu gano komai ba a ranar, kuma ba na so wani ya gaya maka an gano. Ba mu san ko ya shiga motar Manchok ba, ba mu san ko ya hau jirgi ba. Amma ba wanda ya tashi. Baba Dogo ya ba da labarin yadda Ishaya ya taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa don wata yarinya, aka roƙe shi ya riƙa motsa baki kawai. Maman Obinna ta tuna yadda yake kwaikwayon tafiyar mahaifinta da fitilar aiki a hannu, har tsohon ya kama shi ya ce ya sake yi ya gani. Baba ya ce shi ya koya masa keke, kuma a kan gadon cittar maƙwabci suka faɗi su biyu. Sunan ya riƙa yawo a falon daga baki zuwa baki. Na lura Kaka kaɗai ba ta furta shi ba, amma duk lokacin da wani ya faɗa sai ta ɗan rufe ido.

A kwanakin da suka biyo baya Baba bai yi mini magana sosai ba. Ya ce gaskiya ma tana da lokacinta, kuma in wani abu ya sami tsohuwar, in san ni na jawo. Na ji tsoro ƙwarai, domin Kaka ta rage cin abinci, ta daina zama a bakin ƙofa inda ta saba duban masu saukowa daga keke napep. Ba ta ce komai a kan suna ba, mahaifinka kuma ya riga ya haƙura, har ya fara tunanin wani. Ana gobe za a miƙa ka, da hantsi, ta kira mahaifinka zuwa bayan gidanmu ina biye da su. Ta nuna masa ɗan filin cittar.

"Bana kai za ka tone. Ka haɗa da naka in ka ga dama. Bayana ya gaji."

Washegari a coci, mahaifiyarka ta miƙa ka ga Kaka, sai na ga ta lulluɓe ka da shuɗiyar rigar a kan farin mayafinka. Fasto ya san al'adar gidanmu, ya kuma san labarin. Da ya tambayi sunan yaro, Kaka ta matso kusa da shi ta faɗa a hankali. Ina tsaye a bayanta, shi ya sa na ji abin da sauran jama'a ba su ji ba. Fasto ya sunkuyo ya ce, "Mama, kin san abin da mutane za su ɗauka?"

"Na sani. Ban ga kabari ba, kuma ba zan ce na gani ba. Amma na ajiye sunan nan a akwati har ya fara koɗewa. In mai shi ya dawo, ya zo ya yi mini faɗa, ina nan."

Sannan ta juyo ga jama'a, ta ɗaga ka kaɗan, ta ce da muryar da aka ji har kujerun baya, "Sunansa Ishaya." Baba ya zauna a wurin da yake tsaye kafin a ce a zauna. Maman Obinna, wadda ta baro cocinsu ta zo namu ranar, ita ta fara waƙa, matan zumunta suka amsa.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Ta kwanta ciwo bayan haka har muka kai ta asibiti, kuma wasu dattawan dangi sun ce ta yi gaggawa, wasu suka ce ta makara. Wata rana na iske ta ta fito da fartanya za ta wurin cittar, sai ta tsaya a tsakar gida ta tuna filin ba nata ba ne kuma. Na tambaye ta ko tana da-na-sani. Ta ce in je in tambayi Turawana. Da ta warware ta koma falon Maman Obinna, kana kan cinyarta, tana kiranka maigidanta, tana nuna maka mazan da bai kamata ka yi koyi da su ba. Baba ya sake yi mini magana kamar da, ko da yake bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba.

Yanzu da ka fara gudu, kullum tana cikin kiranka, ko ka bar kajin Maman Obinna, ko ka sauko daga kan turmi. Ba ta gajiya da sunan, takan kira shi ko ba ka yi komai ba. Akwai abu ɗaya da na lura da shi sau da yawa kafin na yarda in rubuta. Duk lokacin da muryarta ta ratsa tsakar gida ta ce "Ishaya", kakanka yakan fara duban ƙofar gida, sannan ya juyo ya dube ka, ya miƙa maka hannu.